Wasiƙun Jirgin Fito

SHAFI NA 23

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce miyarta ta ƙone tana jiran wannan shafi. Ki yi haƙuri ki ɗora wata. Ni ma sai da na goge shi sau biyu kafin hannuna ya yarda ya rubuta.

Waɗanda suka shigo sabo: ni ce Shiori, shekarata talatin da huɗu. Mahaifiyata Fumie mai zanen manga ce, wato labaran zane na Japan, irin na soyayya tsakanin maza, wanda mata suka fi saye. Masu karatu ba su san fuskarta ba, ba su san sunanta ba, da sunan aro take aiki, Yamabuki. Ni ke riƙe mata takardu, ni ke ɗaukar waya. Littafin da ta zana bayan rasuwar Babana, *Tsallaken Ruwa*, shi aka ɗauka za a mayar wasan kwaikwayo na murya. Mun tsaya a rana ta biyu ta ɗaukar murya, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Shinjuku ta birnin Tokyo.

*

Samari biyun da suka fito a matsayin taurarin labarin sun gama nasu tun da hantsi, sun tafi. Saura mutum ɗaya, wanda zai karanta wasiƙu goma sha biyu da ke cikin littafin da muryar tsufa.

Muna zaune bayan gilashi, ni da Mama da Darakta Ogaki, wanda ke kan kek ɗinsa na uku cikin waɗanda muka kawo tsaraba.

"Malama, in kika ci gaba da kawo wannan kek ɗin na lemo, matata za ta kai ki ƙara. Jiya maɓallin wandona ya tashi ya kusa tsiyaye wa mai haɗa sauti ido."

Kowa ya yi dariya ban da Mama.

Tun safe takunkumi ke fuskarta, ga hula ta ja har gira. Ta ce mura ce. Ban ji ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Ƙarfe biyu daidai ƙofa ta buɗe.

Dogo ne, gashinsa fari fat, lemarsa na ɗigar ruwa. Nabeshima. Duk wanda ya tashi gaban talabijin a ƙasar nan ya san muryarsa ko bai san fuskarsa ba. Ni da muryar nan na yi yarinta.

Ogaki ya matso kusa da kunnena.

"Kin san da kansa ya bugo ya nemi aikin nan? Shekara talatin da wani abu bai taɓa yarda ya yi irin wannan labarin ba. Da aka faɗa mini sai da na ce a sake tambaya, ko wani ne ke kwaikwayon muryarsa."

Nabeshima ya sunkuya wa gilashin. Mama ta sunkuya ba tare da ta tashi ba. Ya shiga ɗakin magana, ya sa abin ji a kunne.

Ya fara.

Wasiƙa ta farko, ta biyu, ta uku. Saurayin da ke karɓar kuɗin fito a jirgin ruwan garin Onomichi, wanda ya bar garin ya taho Tokyo neman aikin wasa, yana rubuta wa abokinsa maƙerin jiragen ruwa da ya baro a can. Na san kalmomin nan kamar sunana. Ni na buga su a na'ura, ni na yi kuka a kansu tun kafin kowa. Amma a bakinsa sai suka zama wasu daban. Ba ya wasa da murya, ba ya rawar da ita. Kamar yana gaya wa mutum ne a gefensa.

A ta biyar na lura da takardunsa.

A kife suke.

Na taɓa Ogaki. "Ba ya dubawa."

"Tsofaffin hannu ke nan," ya ce, amma shi ma ya ajiye kek ɗin.

A ta bakwai ya yi kuskure. Rubutu ya ce lemo biyu suka sato a gonar tsibiri, shi ya ce uku. Ogaki ya danna maɓallin magana, ya kira shi da girmamawa.

"Nabeshima-san, a gafarce ni, lemo biyu ne a nan."

"Uku ne."

"A takarda dai…"

"Uku ne. Ɗaya ya faɗa ruwa."

Ogaki ya juyo ya dubi Mama, don ita ce mai yanke hukunci. Hannayenta na kan jakarta, sun damƙe ta har jijiyoyi sun fito.

"A bar shi," ta ce a hankali. "Uku ne. Tawadar ce ta jiƙe a wurin."

Na juya.

"Wace tawada, Mama?"

Ta mayar da idonta kan gilashin.

Ta takwas. Ta tara. Ta goma. Ta goma sha ɗaya, inda yake cewa ya sami ɗaki kusa da titin jirgin ƙasa, ƙarami ne amma zai ɗauki shimfiɗa biyu. Yarinyar da ke lura da sauti tana share ido da hannun riga.

Sai ta goma sha biyu.

Duk wanda ya karanta littafin ya san ta. Layi huɗu ce kawai. *Kada ka sake rubuto mini. Abin da muka yi ƙuruciya ce. Ka yi aure, ka zama mutum. Ni na manta.* A kanta masu karatu suka cika shafin Mama da zagi da kuka har wata guda.

Jar fitilar ɗaukar murya ta kama.

Shiru.

Daƙiƙa goma. Ashirin.

"Nabeshima-san? Ko a kawo ruwa?"

"Ba zan karanta wannan ba."

Ogaki ya yi 'yar dariyar ruɗewa. "Ai ita ce zuciyar abin. In babu ita babu…"

"Ba tawa ba ce."

Ya cire abin jin daga kunnensa, ya tako har jikin gilashin. Ba Ogaki yake kallo ba, ba ni ba.

"Fumie. Cire wannan abin daga fuskarki."



A ɗakin nan kaf, ni kaɗai na san wannan sunan. Ko a kwangila, sunan kamfaninmu ne a rubuce.

Ogaki, duk da surutunsa, mutum ne mai hankali. Ya miƙe ya tafa hannu sau biyu.

"Hutun rabin awa! Kowa waje. Ke ma, ɗauki kek ɗin ki tafi da shi kafin in ƙarasa kaina."

Da kansa ya zare wayar makirufo ya ɗaga ta mu gani, sannan ya fita ya ja ƙofa.

Muka rage mu uku.

Nabeshima ya zagayo ya shigo inda muke. Mama ta cire hular, ta cire takunkumin, ta ninke shi huɗu ta sa a aljihu kamar tana da duk lokacin duniya.

"Ka tsufa, Tokuji-san," ta ce, da wani suna da ban taɓa jin an kira shi da shi ba.

"Ke ma ba a bar ki a baya ba."

"Mama," na ce, "kin san shi?"

Ya dube ni a karon farko. Ya daɗe yana kallo, har na ji kunya.

"Wannan 'yar Takeo ce."

Takeo Babana ne.

"Kunnuwan," ya ce. "Da yadda take riƙe alƙalami kamar za ta huda takarda."

"Ka san Babana?"

"Ba ki gaya mata ba?" Ya juya ga Mama. "Kin sayar wa duk ƙasar nan, amma ba ki gaya wa 'yarki ba?"

"Shiori, fita ki jira ni."

"Babu inda za ni."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ita ma ta sani.

Nabeshima ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Wata biyar da suka wuce na shiga shagon littattafai a Ikebukuro neman kyautar jikar ƙanwata. An buɗe wani littafi a kan tebur don talla. Na ga wasiƙa an zana a shafin. Na tsaya. Na ce wannan rubutu ya yi kama da nawa. Na matsa. Yarinya, ba kama ba ce. Har yadda nake karkatar da layi in na kusa ƙarshen takarda. A tsaye na karance littafin, mai shago na zagaya ni tana gyaran murya."

"Mama ce ta zana rubutun," na ce. "Na gani da idona. Ta iya kwaikwayon hannu, ta…"

Na katse, don na ji abin da nake faɗa.

"Daga ina ta kwaikwaya?" ya tambaye ni a hankali.

Na dubi Mama.

"Mai karɓar kuɗin fito shi ne," ta ce. "Maƙerin jiragen kuma Babanki."

Na zauna a kan teburin sauti, wani maɓalli ya yi ƙara.

Babana. Mutumin da ke goge takalman gidan duka ranar Lahadi, har nawa na makaranta. Wanda ke kai zanen Mama gidan waya a cikin ambulan bai taɓa buɗewa ba. In na tsokane shi na ce Baba leƙa mana ka ga abin da matarka ke zanawa, sai ya ce shi idonsa na jarida ne.

"Ƙarya ne," na ce. Ban ma san da wa nake ba.

"A akwatin kayan aikinsa na same su bayan jana'iza," in ji Mama. "Ƙarƙashin guduma, a cikin leda. Goma sha biyu cif."

"Goma sha ɗaya," in ji Nabeshima.

"Goma sha biyu."

"Goma sha ɗaya na rubuta da suka kai hannunsa. Ta goma sha biyun da na rubuta, ba wannan ba ce. Cewa na yi ya haɗa kayansa, ina zuwa ranar uku ga wata in ɗauke shi, ya jira ni a mashigar jirgi. Na zo. Na tsaya tun jirgin farko har na ƙarshe. Washegari na je gidan da yake haya. Wa ta buɗe mini ƙofa?"

Mama ba ta ɗago ba.

"Wa ta buɗe, Fumie?"

"Ni."

"'Yar mai gidan," ya ce da ni. "Uwarta ke ba da hayar ɗakuna, ita 'yar ke raba wa 'yan haya wasiƙunsu da safe. Ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta ce Takeo ya ce ba ya son ganina, an kusa sa ranar aurensu, ita da shi. Har lemo ta ba ni in sha a jirgi. Shekara talatin da wani abu ina cewa shi ya yar da ni."

"To wa ya rubuta…"

Ban ƙarasa ba.

Mama ta miƙa hannunta na dama a kan tebur, ta dube shi kamar na wani ne.

"Kwana uku na yi ina koyon hannunsa. Duk wadda ta zo, a kan tururin buta nake buɗe ta in karanta in mayar. Na san yadda yake rubuta kowane baƙi. Takarda ashirin da shida na ɓata kafin ta fito."

"Mama!"

"Ni na rubuta."

Ta faɗa kamar tana faɗin kuɗin kifi a kasuwa.

Na ji ɗakin ya yi ƙanƙanta. Bangon nan mai shanye sauti, ko numfashina ba na ji sosai.

"Me ya sa?"

"Ina son sa."

"Shi ke nan?"

"Me kuma kike so? Shekarata ashirin da huɗu. Ni ke wanke masa kayan aiki, ni ke ajiye masa shinkafa da zafinta in ya yi dare. Bai taɓa kallona sau biyu ba. In wasiƙar wannan ta zo kuwa, har waƙa yake yi a wurin wanka." "Kuma a wancan zamanin ina za su je? Wa zai ba su ɗaki? Uwarsa da ta ji sai ta…"

"Kada ki ɗora wa zamani," in ji Nabeshima. "Zamani bai san ta kan buta ba."

"Na sani."

"Na sami ɗakin. Na biya. Na sayi kofi biyu."

"Na ce na sani!"

Ban taɓa jin Mama ta ɗaga murya haka ba. Ta dafe baki da hannu kamar za ta mayar da ita.

Ni kuwa lissafi kaina ya kama yi ba tare da na sa shi ba. Shekarar wasiƙa. Shekarar aurensu. Shekarar da aka haife ni.

"Wato ni," na ce, "daga wannan wasiƙar na fito."

"Shiori…"

"Da ba ki zauna kin ɓata takarda ashirin da shida ba, babu ni."

Babu wanda ya ce a'a.

Na tuna ranar da littafin ya fito, yadda na sayo furanni, na ce Mama wannan karon kin taɓo abin da ba ki taɓa taɓowa ba, daga ina kike samo irin wannan? Ta ce daga kallon mutane a jirgin ƙasa.

"Kuma kika sa ni na buga su," na ce. "Kika sa na sa su a talla. Na zaɓi layin da za a rubuta a bangon littafi, Mama! Wasiƙar da aka rubuta wa Babana!"

"Ban iya ƙona su ba. Ban iya faɗa ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi na yi."

"Kika kuma bar mini laifin," in ji Nabeshima. "A littafinki ni ne mugun. Mata dubu nawa suka tsine wa mai karɓar kuɗin fito?"

"Da na zana gaskiya, da ita ta gane." Ta nuna ni da haɓa. "Sai da aka kawo mini jerin muryoyi in zaɓa. Ban san sunan da kake aiki da shi ba, amma da aka kunna, kalma biyu ka yi na gane. Na sa hannu."

"Don me?"

"Don in ji ko za ka karanta ta."

"Da na karanta fa?"

"Da na tafi da ita kabari."

Ya yi wata irin dariya wadda babu daɗi a cikinta.

Mama ta buɗe jakarta, ta ciro leda. Tsofaffin ambulan, sun yi ruwan ƙasa. Ta zaro ta ƙarshe ta ajiye a tsakaninmu.

"Ku duba ta."

Sauran goma sha ɗayan lafiyarsu lau. Wannan kuwa ta lalace. Wurin ninkin ya yage an manna, ya sake yagewa an sake mannawa. Gefenta ya yi baƙi da man inji.

"Ita ya fi karantawa," ta ce. "Shekara talatin da uku ina kwana gefensa, shi kuma yana sauka ɗakin ajiya yana karanta rubutuna yana zaton naka ne. Ya mutu bai sani ba. Wannan kaɗai nake gode wa, kuma shi ke hana ni barci."

Nabeshima bai taɓa takardar ba.

"Wa ya ce miki bai sani ba?"

Mama ta ɗago.

"Ya sani, Fumie."

"Ba ku sake haɗuwa ba."

"Haka kike zato."

"Na san duk inda yake zuwa! Mutumin da ko aski zai je sai ya rubuta a kalanda!"

"Ya ji muryata a rediyo ina hira, na ambaci jirgin fito. Ya rubuto ta hannun gidan rediyon. Layi biyu. Ya ce yana so ya tambaye ni abu ɗaya kafin mu tsufa gaba ɗaya. Muka sa rana a mashigar jirgin Onomichi. Ya zo da wannan takardar a aljihun rigarsa, ya miƙo mini ya ce, me na yi maka? Na karanta. Na ce ban taɓa ganinta ba."

"A'a…"

"Bai yi minti ɗaya ba ya gane wa ya rubuta. Ya zauna a kan bencin mashiga ya ce, ashe Fumie ce."

Hannun Mama ya lalubo gefen tebur.

"Yaushe?" na tambaya. "Yaushe ke nan?"

"Sha huɗu ga Nuwamba. Shekara uku da suka wuce."



Ranar da Baba ya rasu ke nan. Ya ce mana zai je Onomichi ya share kabarin iyayensa. Da yamma 'yan sanda suka bugo suka ce zuciyarsa ce ta tsaya a bakin ruwa, wani mai wucewa ya kira motar asibiti, ya raka shi, bai bar suna ba. Mama da kanta ta karɓo rigarsa da abin da ke aljihunta.

Na juya gare ta.

"Kin ce a akwatin kayan aiki kika same su duka."

Ta kawar da kai.

"Ni ne mai wucewar," in ji Nabeshima. "A cikin motar bai suma ba tukuna. Ya yi magana, ya sa na maimaita sau biyu don kada in manta."

"Me ya ce?" Mama ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi bayanta. "Tokuji-san, me ya ce a kaina?"

Ya tashi shi ma, ya gyara rigarsa.

"Ba ke ya bar wa saƙo ba."

Ya juyo gare ni.

"Ke, Shiori. Akwai abin da ya ce in gaya miki in ke kaɗai ce. Ɗauko lemarki."

Mama ta riƙe hannuna da ƙarfi har farcenta ya shiga.

"In kika bi shi, kada ki dawo gidan nan."

Ya riga ya buɗe ƙofa.